Yadda VFD ke sarrafa gudun motar lantarki, da gaskiyar maganar ragin man gas

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin casar shinkafa a Kura, motarsa mai kilowat 15 ce, sannan ina da rijiyar burtsatse da sumo mai kilowat 5.5 da muke cika tanki da ita. Idan babu wutar Nepa duka a kan janareta mai kVA 40 suke. Duk lokacin da muka tayar da injin casa sai janareta ya durƙusa, ya yi baƙin hayaƙi, wani lokacin ma ya mutu. Wani mai sayar da kayan wuta ya ce in sayi wani akwati da ake kira VFD, wai da shi zan iya rage gudun mota ko in ƙara, kuma wai zai rage mini shan man gas da rabi. Don Allah yaya abin nan yake aiki? Maganar rabin man gaskiya ce? Kuma ba zai ƙona mini mota ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Tambaya uku ka dunƙule: me ke cikin akwatin har yake iya juya gudun mota, shin ragin man da aka faɗa maka zai tabbata, kuma wane haɗari ke ciki ga motocinka. Bari in faɗa maka inda na dosa tun yanzu. Na'urar gaskiya ce, na daɗe ina ɗaura ta a injina da rijiyoyi, kuma za ta kawo ƙarshen durƙushewar janaretanka. Maganar rabin mai kuwa, a kan injin casa ba za ta yiwu ba, a kan sumo ma sai da sharaɗi. Dalilin ba zai fito maka ba sai mun fara duba abin da ya ɗaure gudun mota tun asali.

Abin da ya ɗaure gudun mota

Motar injinka da wadda ke cikin rijiya duk iri ɗaya ne, wadda ake kira indakshan. Tsohuwar fasaha ce. Nikola Tesla ya yi mata rajista a Amurka a 1888, a 1889 kuma Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera mai layi uku a Jamus, kusan yadda take a yau. A jikin bangonta akwai koyil kashi uku, kowanne yana karɓar layi ɗaya daga cikin layukan tiri-fes. Layukan nan uku ba sa kai ƙarfinsu tare. Ka san yadda mata uku ke lugude a turmi ɗaya: wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi, ta uku na tsakiya. Haka layukan suke karɓa-karɓa, sai maganaɗisun da koyil-koyil ɗin ke haifarwa ya zama kamar yana zagaye cikin motar, alhali babu ƙarfen da ya motsa tukuna. Ƙarfen tsakiya mai juyawa, wato rota, babu wayar da ke shiga cikinsa. Sanduna ne na alminiyam ko jan ƙarfe da aka haɗe bakinsu da zobe. Maganaɗisun da ke wucewa ta kansu shi ke tayar da wuta a cikinsu, su ma su zama maganaɗisu, sai rota ya bi bayan mai zagayen.

To da wane sauri maganaɗisun ke zagaye? Da saurin kai-da-komon wutar. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 50 Hz da kake gani a rubuce a jikin kayan wuta. A Amurka 60 ne. Zan riƙa kiransa bugun wuta. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka bugun sau 120, ka raba da yawan fol ɗin motar, wato kawunan maganaɗisun da koyil ɗinta ke haifarwa. Mota mai fol 4 a bugu 50 tana ba da juyi 1500 a minti, mai fol 2 kuma 3000. Je ka duba ɗan farantin da ke manne a jikin motar casarka, za ka ga an rubuta wajen 1460, ba 1500 ba. Wannan 'yar tazarar dole ce. Da rota zai kamo maganaɗisun su jera, da babu abin da ke wuce sandunansa, wutar cikinsu ta mutu, ƙarfin juyi ya tafi. Idan kaya ya yi nauyi tazarar ta ɗan ƙaru, motar ta ƙara jan amfiya, amma gudun bai yi nisa da 1500 ba.

Ka ga ke nan gudun a hannun bugun wuta yake. Shi ya sa shekaru da yawa ba a da yadda za a yi da wannan mota sai dai a canza fuli, a sa giya, ko a shaƙe bawul idan famfo ne. Inda ake buƙatar sauya gudu sosai, kamar lif da injinan naɗe ƙarfe, sai a koma ga motar DC, wato mai aiki da miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir, mai burushin kabon, har da tsarin da Harry Ward Leonard ya fito da shi a 1891, inda ake ajiye wata mota da wani janareta sukutum don kawai a sarrafa motar da ke yin aikin. Wani zai ce ai da regileta muke rage gudun fankar sili. Haka ne, amma regileta boltej take ragewa, kuma ƙarfin juyin mota yana bin boltej sau boltej ne: ka rage boltej zuwa rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Fankar ɗaki ba ta ɗauke da kaya, za ta jure. Motar casa za ta ja amfiya ta yi zafi har koyil ya yi baƙi. Abin da ke ƙona motoci ke nan duk ranar da wutar Nepa ta zo ba ƙarfi.

Ɗakuna uku na cikin akwatin

VFD ba ya roƙon Nepa ko janareta su canza bugunsu. Rushe wutar yake yi gaba ɗaya, ya sake gina tasa da bugun da aka umarce shi.

Ɗaki na farko dayod shida ne. Dayod ƙofa ce da wuta ke wucewa ta gefe ɗaya kawai, saboda haka wutar da ta shigo tana kai-da-komo takan fita miƙaƙƙiya irin ta batir. Ɗaki na biyu manyan kafasita ne, aikinsu kamar na tankin da ke saman gida: ruwa na shigowa da tsalle-tsalle, amma a famfo yana fita a natse. Idan layinka 400 ne, a kan waɗannan kafasita za ka sami DC tsakanin bolt 540 da 565. Riƙe wannan adadin, zan dawo kansa.

Ɗaki na uku shi ne inbata, kuma a nan hikimar take. Akwai makunnai shida na lantarki da ake kira IGBT, biyu ga kowane layin mota, ɗaya yana haɗa layin da gefen sama na DC, ɗaya da gefen ƙasa. Ba su da tsaka-tsaki, ko a buɗe ko a rufe, amma suna iya buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa, galibi daga 2,000 zuwa 16,000. Ka tuna mai ban ruwa a Kadawa: ruwan kwata ƙarfinsa ɗaya ne, amma shi ke yanke yawan da zai shiga kowane fangali ta tsawon lokacin da ya bar bakin a buɗe. Haka IGBT ke yi. Idan ana son boltej ya hau sai ya tsawaita buɗewa, idan ana son ya sauka sai ya gajarta, yana faɗaɗawa yana ƙuntatawa a jere har matsakaicin abin da ya fita ya bi siffar wutar kai-da-komo. Wannan dabara ita ake kira PWM. Koyil ɗin mota ba ya barin amfiya ta canza farat ɗaya, don haka shi da kansa yake lailaye gutsattsarin, amfiyar da ke ratsa shi ta fito kusan sumul. Ɗan siririn kukan da za ka ji daga motar da ke kan VFD, sautin wannan buɗe-rufen ne, ba lalacewa ba ce.

Makunnan ne suka jinkirta wannan fasaha, ba tunanin ba. Kamfanin General Electric ya fito da tayirista, wani makunnin lantarki da ya riga IGBT, a 1957, aka fara yin inbata da ita, amma tana da wuyar kashewa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Helsinki da aka buɗe a 1982 suna cikin na farkon da suka yi tafiya da motar indakshan mai sauya bugu. Sai da IGBT ya shigo a shekarun 1980 sannan akwatin ya ƙanƙance ya yi arha har ya iso shagunan kayan wuta na Sabon Gari.

Bugu da boltej tare suke tafiya

Ga inda masu koyo suka fi ruɗewa, kuma a nan amsar tambayarka ta ƙonewa ta fara. Ba a rage bugu shi kaɗai. Ƙarfin maganaɗisun da ke cikin ƙarfen mota ya danganta da boltej da kuma tsawon lokacin da yake turawa a gefe ɗaya kafin ya juya. Idan ka mayar da bugu 25 ka bar boltej a 400, kowane turi ya ninka tsawonsa, ana neman cusa wa ƙarfen ninki biyu na maganaɗisun da aka yi shi dominsa. Ƙarfe yana ƙoshi kamar yadda ƙasa ke ƙoshi da ruwa. Da ya ƙoshi, amfiya ta yi tashin gwauron zabi, koyil ya gasu. Don haka VFD yake sauke su tare. Motar 400 a bugu 50 tana da bolt 8 ga kowane bugu ɗaya, saboda haka a bugu 25 zai ba ta 200, a bugu 40 ya ba ta 320. Maganaɗisun ya tsaya yadda yake, ƙarfin juyi ya tsaya, gudu ne kawai ya sauya. A ƙasa sosai, wajen bugu 5, yakan ɗan ƙara boltej sama da lissafin don ya cike abin da wayar koyil ke cinyewa.

Wannan shi ne tsarin V/f, kuma ya wadatar da famfo da fanka. Akwai wanda ya fi shi, tsarin bekta, wanda ya samo asali daga aikin Karl Hasse da Felix Blaschke a Jamus wajen 1970. A nan 'yar kwamfutar da ke cikin akwatin tana auna amfiyar layuka, ta raba ta gida biyu a lissafi, kason da ke gina maganaɗisu da kason da ke murɗa shaf, ta riƙe kowanne daban. Amfaninsa shi ne mota ta ba da cikakken ƙarfi tun tana rarrafe, kuma ta amsa nan take idan kaya ya faɗo mata. Ga injin casa, inda shinkafa kan cushe ba zato, shi nake zaɓa. Sharaɗinsa a shigar da duk abin da ke farantin motar daidai, a bar na'urar ta auna motar da kanta kafin a fara aiki. Sau da yawa ana kirana a ce VFD ba shi da ƙarfi, in je in tarar ba wanda ya taɓa shigar masa da amfiyar motar.

Sama da 50 fa? Za a iya, amma boltej ya riga ya ƙure, ba shi da abin ƙarawa, saboda haka ƙarfin juyi raguwa yake yi yayin da gudu ke hawa. Kuma boris da bel da dutsen injin an yi su ne don wani gudu. Ban ba ka shawarar wuce 50 ba.

Durƙushewar janareta

Mota mai kilowat 15 tana jan wajen amfiya 29 a cikakken aiki. Amma a lokacin tashi kai tsaye, rota yana tsaye cak, maganaɗisu na wuce shi da cikakken gudu, sai ta ja ninki shida zuwa bakwai, kusan amfiya 180 zuwa 200. Janaretanka mai kVA 40 abin da aka yi shi ya bayar bai wuce amfiya 58 ba. Baƙin hayaƙin da kake gani ke nan. VFD kuwa yakan fara daga bugu kaɗan, maganaɗisun yana tafiya a hankali yadda rota zai iya bin sa, ya riƙa ɗagawa cikin daƙiƙa 15 ko 20 ɗin da ka saita. Tazarar ba ta taɓa yin faɗi ba, don haka amfiyar ba ta cika wuce ta aiki da rabi ba. Wannan fa'ida tabbatacciya ce, kuma bel da boris ma za su huta da fizga.

Amma hakkinka ne in gaya maka akwai hanya mai arha. Idan farantin motar ya nuna 400/690 kuma wayoyi shida sun fito a akwatinta, sita-delta, wato tsarin tayarwa da ke fara ba koyil ƙaramin boltej kafin ya ba shi cikakke, zai sauke amfiyar tashi zuwa kashi ɗaya bisa uku, wajen 60 zuwa 65, muddin ana tayar da injin babu shinkafa a ciki. A kan kVA 40 wannan a bakin gaɓa yake, musamman in sumo na aiki a lokacin, kuma akwai 'yar fizga sa'ad da yake sauyawa zuwa delta. Yakan yi a wasu wuraren. VFD ya fi shi tsabtar aiki nesa ba kusa ba, sai dai ya fi shi tsada da son kulawa.

Maganar rabin mai

Wanda ya faɗa maka rabi ba daga iska ya ɗauko ba, amma ya ɗora dokar wani kaya a kan wani. Ga fanka da famfo mai fiffike akwai ƙa'ida: yawan ruwa yana bin gudu kai tsaye, tsayin da famfo ke iya turawa yana bin gudu sau gudu, wutar da yake ci kuma tana bin gudu sau gudu sau gudu. Ka sauke gudu zuwa kashi 80 cikin 100, ka ninka 0.8 sau uku, za ka sami 0.512. Ga rabin nan. A masana'antar da ake shaƙe bawul ko a toshe bakin fanka don rage iska, VFD yakan biya kuɗinsa da kansa, na gani da idona.

Injin casa ba haka yake ba. Aikinsa gurza ne, kuma ƙarfin da ake buƙata don a cire ɓuntu daga buhu ɗaya kusan ɗaya ne ko da sauri ko a hankali. Ka rage gudu da kashi 20, wutar da yake ci a awa ta ragu da kusan haka, buhunan da kake fitarwa a awa su ma su ragu, janareta ya ƙara awanni yana ruri. A kan kowane buhu ba ka ci ribar komai ba, har ma na'urar kanta tana cin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ta mayar da shi zafi. Abin da sauya gudu zai iya ba ka a nan shi ne daidaita injin da irin shinkafar, ka ɗan sauke shi idan ka ga tana karyewa. Wannan sai da gwaji a wurinka, da shinkafarka.

Sumo kuma famfo ne mai fiffike, amma rijiya tana da nata sharaɗin, wato zurfi. Kafin ɗigo ɗaya ya faɗa tanki, dole famfo ya ɗaga ruwa daga inda ya kwanta a rijiya har bakin tankin, kuma wannan tsayin ba ya raguwa don ka rage gudu. A ce famfonka a bugu 50 iyakar turinsa mita 100 ne, daga ruwa zuwa tanki kuma mita 60. A bugu 40 iyakarsa ta koma mita 64, ruwa na zuwa kamar hawaye. A wajen bugu 38 ya tsaya cak: mota na juyi, tana cin wuta, ruwa na tsaye a cikin bututu yana ɗumama. Kuma ruwan da ke wucewa ta jikin motar sumo shi ne ke sanyaya ta. Na taɓa zuwa wata gona inda aka saita sumo a bugu 35 da niyyar tattali, aka bar shi kwanaki a haka, da muka zaro motar ta riga ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin saiti ɗaya na ƙaramin bugu da ya cece ta. Ga mai cika tanki kawai irinka, sau da yawa gudu kusa da cikakke shi ne mafi arha a kan kowace lita. Inda VFD ke haskakawa a rijiya shi ne idan famfo ya fi ƙarfin ruwan, yana zuƙe shi ya fara shan iska. Nan sai a sauke bugu kaɗan ya daidaita da abin da rijiyar ke bayarwa.

Sai janaretan kansa. Injin gas yana shan mai ko babu kaya a kansa, don haka rabin kilowat ba ya zama rabin lita. Barin sa yana aiki da ƙaramin kaya, ƙasa da kashi 30 cikin 100, na tsawon lokaci ma cutar da shi yake yi.

Idan ragin mai kake nema da gaske, ka dubi sola ga sumon. Ka tuna ɗaki na biyu DC ne zalla. Farantan sola ma DC suke bayarwa, don haka akwai VFD na musamman da ake zuba wa wutar farantai kai tsaye, ba batir. Da safe rana ba ƙarfi ya riƙe bugu ƙasa, da hantsi ya ɗaga, gajimare ya gifta ya sauke maimakon ya mutu. Tankinka ne ke zama ma'ajiyar.

Abin da ke kashe mota, da abin da ke kashe na'urar

Zafi ne na farko. Fankar motar casa a kan shaf ɗinta take, in gudu ya ragu iska ta ragu, alhali amfiyar tana nan tunda kayan bai sauya ba. Aiki mai tsawo ƙasa da rabin gudu yana buƙatar fanka ta daban. Na biyu doguwar waya, kuma wannan ya shafi sumo kai tsaye. Gutsattsarin PWM masu kaifi ne, idan suka bi waya mai tsawo sukan dawo kamar amsa-kuwwa su hau kan juna, har abin da ya isa bakin mota ya kusan ninka DC ɗin, sama da bolt 1,000. Sabuwar mota mai kyau takan jure. Wadda aka sake naɗawa da waya mai rahusa ba ta daɗewa. Maganinsa tacewa a bakin fitar na'urar, ko cok (koyil mai lailaye wuta) ko filta, kuma ban yarda a ɗaura VFD a rijiya mai zurfi babu ita ba. Haka nan boris ɗin ƙasan sumo a kan ruwa yake shawagi, sai ya yi gudu ruwan ke ɗaga shi, shi ya sa kamfanin Franklin Electric ya ce motarsa ta kai bugu 30 cikin daƙiƙa ɗaya. Tashi a hankali da ke amfanar injin casa yana cinye boris ɗin sumo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kowace mota da nata VFD da nata saitin. Kada ka yarda a ce ɗaya zai yi maka duka biyun.

Ita na'urar, yawancinsu an auna ƙarfinsu ne a zafin digiri 40, sama da haka ana rage abin da za su ɗauka. Ka san yadda ɗakin inji mai rufin kwano yake a watan Afrilu a Kano. Ga ƙurar ɓuntu, ga ta hunturu, duk suna toshe hanyar iskarta. Ka sa ta a akwati mai fanka da matacin iska, nesa da bakin injin, a riƙa hure ta duk mako. Wajen saye, amfiya za ka duba ba kilowat ba, ka ɗauki wadda aka rubuta don aiki mai nauyi, mai jure kashi 150 na minti ɗaya. Ga motarka zan hau mataki ɗaya sama, zuwa 18.5.

Dayod shidan nan ba sa jan wuta sumul, a guntu-guntu suke zuƙa, wanda ke haifar da wasu bugu na ƙari, mafi girma a 250 da 350. Nepa ba ta cika ji ba, amma ƙaramin janareta yakan ji: ya yi zafi, AVR ɗinsa mai daidaita boltej ya rikice, boltej ya riƙa rawa. Cok na kashi 3 cikin 100 a bakin shiga yana rage wannan sosai, kuma yana kare na'urar daga fizgar dawowar wuta. Wajen tsayawa kuma, idan ka umarci inji mai nauyi ya tsaya da sauri, motar takan koma janareta ta turo wuta baya, dayod ba sa barin ta fita, DC ya kumbura, na'urar ta yanke ta nuna OV, wato boltej ya yi yawa. Ka tsawaita lokacin tsayawa ko ka bar injin ya tsaya don kansa.

Abubuwa uku ka hana yaranka da duk mai gyaran da zai zo. Kada a sa kafasita tsakanin VFD da mota. Kada a buɗe ko a rufe kwantakta, wato babban makunnin mota, a wannan tsakanin mota na gudu, a kashe daga maɓallin na'urar. Kada a gwada waya da mega, wato mitar da ke tura babban boltej don gwada rufin waya, tana haɗe da ita. Sai wanda ya fi su duka, na rai: kafasitocin nan suna riƙe bolt ɗari biyar da wani abu bayan an kashe wuta, fuskar na'urar ta yi duhu amma cikinta da sauran kisa. A jira minti 10 zuwa 15, a auna da mita a ga ya sauka, sannan a sa hannu. A kuma tabbatar wayar at ta haɗe mota da na'urar da ƙasa da gaske.

Daga nan inda nake iyakata in ba ka hanya, zaɓen ƙarshe sai an tsaya a gaban injin da mita. Kafin ka biya ko sisi, ka sa mai wuta ya ɗauki hoton farantin motocin biyu, ya auna amfiyar kowane layi injin na cikin casa, ya auna boltej da bugun janareta da kaya a kansa, domin janaretan da gudunsa ya sauka yana ba da bugu ƙasa da 50 kuma shi ma yana gasa mota. A rijiya kuma a auna inda ruwa yake kafin a kunna sumo, a sake aunawa bayan awa ɗaya yana ja, a haɗa da tsayin tanki da tsawon wayar. Da waɗannan ne za a fitar da ƙaramin bugun da ba za a bari sumon ya sauka ƙasa da shi ba, da girman filtar da zai buƙata. Idan kuɗin na ɗaya ne kawai a hannu yanzu, ka fara da injin casa, shi ne ke durƙusar da janaretan.